Daga ina “bos” ya fito?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A fim ɗin Indiya mukan kira mugun da ke faɗa da jarumi “bos”, a wurin aiki kuma mu ce da maigida “bos”. Turanci ce tun asali?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ta hannun Turanci ta iso mana, amma shi ma Turancin aro ya yi. Gidanta na asali harshen mutanen Holan ne, inda ake cewa baas, ana jan wasalin kamar a “baaki”. A tsohon rubutunsu baes ce, ma'anarta uban gida ko ƙwararren mai sana'a da ke da yara a ƙarƙashinsa.

Mutanen Holan ne suka kafa garin Sabuwar Amsterdam a gaɓar Amurka, Ingila ta ƙwace shi a 1664 ta sa masa suna New York. Mulki ya tafi, kalma ta zauna, dogon “aa” ya koma “o” a bakin Amurkawa. Abin da ya ba ta kasuwa a ƙarni na 19 shi ne ƙyamar da ma'aikatan da ba bayi ba ke yi wa master, kalmar da bawa ke kiran ubangidansa da ita. A Afirka ta Kudu kuwa akasin haka aka samu: baas ta zama abin da baƙar fata ke kiran Bature da shi dole, har aka samu baasskap, aƙidar fifikon farar fata da Firayim Minista Strijdom ya riƙe tsakanin 1954 da 1958.

Tushenta na can baya ne ake gardama a kai. Wasu masana suna haɗa ta da basa ta tsohon Jamusanci, wato gwaggo, suna ganin kalmar gida ce ta girmama na gaba. Kada kamannin sauti ya ruɗe ka ka ce ai “baba” ce tamu: “ba” da “ma” su ne farkon abin da leɓen jariri ke iya furtawa, shi ya sa harsunan da ba su haɗa kaka ba ke cike da irinsu. Haka “bas” ta haya, daga omnibus ta Latin take, ba ruwanta da wannan.

Ma'anar mugun fim kuwa, 'yan kallo ne suka ɗora mata. Yaran mugu suna ta “bos, bos”, sai sunan ya bi shi ko da ba shi da yaro ko ɗaya.