Ina ake horar da matuƙan jiragen ruwan kasuwanci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko NDA ta nan Kaduna ce ke horar da matuƙan jiragen ruwan kasuwanci da masu rediyonsu. A'a, hafsoshin soja take yayewa. Makarantar da kake nema tana Oron, jihar Akwa Ibom.

Aikin mai rediyo kuwa, nutsewar Titanic a 1912 ce ta fito da darajarsa. Jirgin Californian yana kusa, amma mai rediyonsa guda ɗaya ya kwanta barci, bai ji kiran neman agaji ba. Abin da ban tausayi wallahi. Daga nan aka wajabta sauraro dare da rana a manyan jiragen fasinja. A 1999 tsarin kiran neman agaji a teku na GMDSS mai amfani da tauraron ɗan'adam ya maye gurbin Morse, wato tsohon tsarin aika saƙo ta rediyo da gajeru da dogayen sautuka, yanzu galibi matuƙan ne da kansu ke riƙe da rediyon.