Gilashin tace haske zai dawo mini da taurari?

Tambaya: Malam, a cikin birnin Kano nake, ina da ƙaramin madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 70. Tun da aka kafa fitilun sola a layinmu sama ta yi fari-fari, Kaza da 'Ya'yanta ma da ƙyar nake ganinsu. An ce akwai filta da ake ɗaura wa madubi tana tace hasken gari. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. An ƙera irin wannan filta ne don fitilun titi na da, wato na sodiyam masu ruwan lemo. Wasunsu kusan launi ɗaya tak suke fitarwa, wajen nanomita 589 (ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi), sai gilashin ya tare shi ya bar saura su wuce. Fitilun layinku kuwa LED ne, farin haskensu ya ƙunshi kusan kowane launi, kuma hasken tauraro ma haka yake. To wanne za ta tare, wanne za ta bari? Duka za ta rage, Kazar taka ta ƙara dushewa. Haka ma tarin taurarin Andromeda.

Inda take cin kuɗinta shi ne kan gajimaren iskar gas da ke haskaka kansu, kamar M42 na cikin taurarin Oriyon. Haskensu na fitowa a 'yan launuka kaɗan, irin nanomita 486 da 501, kuma filtar da ake kira UHC waɗannan take bari su shige. Sama ta yi duhu, gajimaren ya fito. Amma ba ta ƙara haske ko ɗigo, ragewa kawai take yi, madubi mai milimita 70 kuwa dama abin da yake tarawa ba yawa. Ni sai madubi ya kai milimita 150 nake cewa a saya.

Wata da duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) mai zobe ba ruwansu da fitilun gari, daga tsakar gida ma za ka more su.

Kuɗin filtar ka zuba mai da shi, ka je ƙauyen da kake da 'yan'uwa a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata. Ka ajiye waya, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. Sai dai ka lura, Oriyon ya fi kyan gani da dare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin hazo, kuma babu filtar da ke tace ƙura. Ka jira daren da hazon ya kwanta.