Tambayi Mama: Kirsimeti na matsowa, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya

TAMBAYA: Mama barka da sanyi. Ni tela ce a Mabera nan Sakkwato, kuma ina cikin Zumuntar Mata na cocinmu. Tun da Disamba ta kama ban san inda kaina yake ba, ga ɗinkin anko sun cika shago kowa na cewa nata za a fara, ga koyon waƙa da yamma, ga baƙi da za su zo daga Zuru, ga kuɗin shinkafa da kaji da ba su cika ba. Ko na durƙusa zan yi addu'a sai in iske ina lissafin yadi. Ƙanwata ta turo min wani sauti a WhatsApp, wani ne ke magana a hankali yana cewa a rufe ido a ja numfashi a yi tunanin haihuwar Yesu, na ji daɗinshi amma wata a zumunta ta ce wanga abu na masu bautar gumaka ne. Mama mi ne gaskiya, kuma mi zan yi in samu natsuwa?

Wata 'yarki daga Mabera

AMSA: 'Yata sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Na ji tausayinki sosai don na san halin da tela ke ciki a wannan wata, ƙafa kan keke har tsakar dare, ido ya yi ja, wayar hannu kuma ba ta daina ƙara ba.

Bari in fara da maganar 'yar'uwar nan ta zumunta, don ba laifi ta yi ba da ta yi taka-tsantsan. Gaskiya ne akwai zaman shiru a addinin Hindu da na Buddha kuma manufarsu daban ce da tamu. Amma bimbini a kan Maganar Allah ba aro muka yi ba, namu ne tun fil azal. Buɗe Joshuwa 1:8 da Zabura 1:2, duka suna maganar mutum ya riƙa juya Maganar a ransa dare da rana. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa ya tashi tun da sauran duhu ya fita inda ba kowa ya yi addu'a, kuma ki duba abin da ya faru a daren jiyan, gari ne gaba ɗaya ya taru a ƙofar gida da marasa lafiya. A Markus 6:31 ma ya ja almajiransa gefe su huta don ko damar cin abinci ba su samu ba saboda jama'a. Tun ƙarni na 4 akwai masu bi da suka shiga hamadar Masar suna maimaita gajeriyar aya ɗaya yini guda suna saƙar tabarma da kwanduna, kinga su ma masu aikin hannu ne kamarki.

Don haka sautin da ƙanwarki ta turo, ki auna shi da kanki. In yana kai ki cikin Littafi Mai Tsarki yana sa ki magana da Ubangiji, ki ci gaba da saurara. In kuwa kika ji ana cewa ki kira wani ruhu, ko ke da kanki ce allah, ko ana neman ki tura kuɗi kafin albarka ta sauka, goge shi kawai. Jan numfashi kuwa ba addinin kowa ba ne, jiki ne Allah ya yi shi haka, in kin ja a hankali kin sake a hankali bugun zuciya yana lafawa.

Amma ni dai shawarata kar ki dogara da waya ma, don daga sauraron minti biyar sai kiga saƙon mai anko ya shigo, shikenan an koma gidan jiya. Ki yi da kanki. Mu a Sakkwato ba ma buƙatar agogo, kiran sallar asuba na maƙwabtanmu zai tashe ki, kuma lokacin nan yara na barci, murhu bai kunnu ba. Ki lulluɓa da mayafi mai kauri saboda hunturun nan ba wasa, ki zauna kan kujera ko tabarma bayanki a miƙe, ba a kwance ba, ki ajiye wayar a wani ɗaki. Minti goma ya isa.

Ki fara da jan numfashi a hankali kamar sau biyar, in kina ja ki ce a ranki "Ubangiji Yesu", in kina sakewa ki ce "gani nan". Sai ki buɗe Luka sura 2 ki karanta aya 1 zuwa 7 kaɗai, kar ki wuce, ki karanta da ƙaramar murya sau biyu ba gaggawa. Daga nan ki rufe ido ki shiga cikin labarin. Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, kowa ya kama hanyar garinsu, Yusufu da Maryamu sun taso daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100 ga mace mai tsohon ciki, sun iso masauki ya cika. Ki ga ƙurar da ke ƙafafunsu, ki ji warin dabbobi da hayaniyar baƙi, ki ga hannun Maryamu tana naɗe jaririn da tsumma tana kwantar da shi a komin dabbobi. Ke tela ce, ki tsaya ki dubi tsumman nan da kyau, ba ɗinki ba ado, kuma a ciki aka sa Mai Ceton duniya. Wani bawan Allah ɗan ƙasar Sifen, Ignatiyus na Loyola, wanda aka buga littafinsa na horon ruhaniya a 1548, haka yake koyarwa, ya ce mutum ya ɗauki kansa kamar ƙaramin bara a wurin, yana kallonsu yana yi masu hidima. To ke ma ki tambayi kanki me za ki miƙa wa Maryamu a daren nan, ruwan zafi ne ko zani, sannan ki faɗa wa Yesu abin da ke ranki yadda yake, har da kuɗin shinkafar, kar ki yi masa kwalliyar magana.

Bayan haka sai ki yi shiru, wannan ne wurin da ya fi wuya kuma shi ne na fi so ki riƙe. Lissafin yadi zai dawo, babu makawa, kar ki yi faɗa da shi kuma kar ki ce kin yi zunubi, ki dai koma kan "Ubangiji Yesu, gani nan" ko sau nawa ne. Ruwan rijiya in an ɗebo shi da laka ba a dama shi don ya washe, ajiye shi ake ya kwanta. Luka 2:19 ya ce Maryamu ta riƙe duk abubuwan nan tana ta juya su a zuciyarta, kuma a tsakiyar baƙi da makiyaya ta yi hakan, ba ta jira gida ya watse ba. Gobe sai ki ɗauki aya 8 zuwa 14, jibi 15 zuwa 20, in kin gama ki koma Luka sura 1 ki bi labarin Zakariya da Alisabatu.

Sai wata magana da zan faɗa miki tsakanina da ke. Minti goma da asuba ba zai gyara ɗinkin da kika karɓa fiye da ƙarfinki ba. Ki zauna yau ki ƙirga wanda za ki iya gamawa kafin 24 ga wata, sauran ki kira masu shi ki ba su haƙuri tun da wuri, ya fi ki yi alkawari ki kasa. Cincin da zoɓo ki raba wa yara da ƙanwar taki. In kuma rashin barci da bugun zuciya sun ƙi barinki ko bayan biki, dan Allah ki je asibiti a gwada jininki, hawan jini ba ya sallama kuma zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

TAMBAYA: Mama ina wuni. Ni direba ne ina ɗaukar fasinja Sakkwato zuwa Kaduna. Duk sanda na zauna zan yi irin wanga shiru sai barci ya kwashe ni. Laifi ne?

Ɗanki daga Unguwar Rogo

AMSA: Ba laifi ba ne ɗana, gajiya ce. Annabi Iliya ma a 1 Sarakuna 19 sai da ya yi barci ya ci ya sha har sau biyu kafin ya kama hanyar Dutsen Horeb inda Allah ya yi masa magana. Ka fara biyan bashin barcinka, sannan ka yi naka a tsaye ko kana takawa a hankali a tsakar gida bayan ka wanke fuska, ido a buɗe, da aya ɗaya tak a bakinka, Zabura 121 ta dace da matafiyi sosai. Amma ina roƙonka kar ka taɓa kunna irin sautin nan kana kan sitiyari, an yi shi ne don ya sassauta jiki, kai kuma rayukan mutane ne a bayanka. Ka bari sai ka sauke fasinja a tasha ka kashe mota.