Tambaya da Amsa: Idan zuciya famfo ce, ina natsuwa take zaune?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na karatun likita. Tun ranar da aka shiga da mu ɗakin fiɗar gawa, aka ɗora mana zuciyar mutum a tafin hannu aka ce famfon jini ce, aka kuma ce tunani saƙon lantarki ne da sinadarai a ƙwaƙwalwa, hankalina bai kwanta ba. Shin natsuwar da nake ji a sallar asuba ita ma sinadari ce kawai?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malamanku ba su faɗi ƙarya ba. Tun ƙarni na 13 Ibnun Nafis, likitan Alƙahira, ya bayyana yadda jini yake ratsa huhu, kuma a 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa zuciya ce take tura shi ya zaga jiki. Abin da nake ja da shi a wasiƙarki kalma ɗaya ce: "kawai".

Wannan kalmar ba daga awo ta fito ba, ra'ayi ne na falsafa. Descartes na Faransa ya ɗauki dabbobi tamkar agogon da aka wana, ko da yake ya ware ruhin mutum, sai La Mettrie, wani likita ɗan Faransa, ya zo a 1747 ya ce mutum ma inji ne. Na'ura tana iya nuna wane sashe na ƙwaƙwalwa yake aiki lokacin da kika lashi zuma, amma zaƙin kansa, yadda kika ji shi a bakinki, ba ya fitowa a hoton. Wannan giɓin ne masanin falsafa David Chalmers ya kira matsala mai wuya a 1995, kuma har yau masana ba su yi ittifaƙi a kan amsarta ba.

Imamu Gazali ya ɗanɗani abin da kansa. A 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da karatu, abinci ya daina shigar masa, likitoci suka duba suka ce cutar daga zuci take. Ya bar muƙamin ya tafi Sham. Daga baya ya bambanta zuciya biyu, wato tsokar da ke gefen hagu na ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, da kuma wadda take sani, take tsoro, take kwaɗayin Ubangijinta. Ya kuma nuna cewa sanin ma'anar ƙoshi daban, ƙoshi daban, domin mai yunwa yana iya haddace bayanin narkewar abinci cikinsa na kuka.

Mu ma da muke cewa "baƙin ciki", ai babu likitan tiyatar da ya taɓa buɗe ciki ya tarar da baƙin, amma uwar da ta binne ɗanta ba ta bukatar a kawo mata hujja. Saboda haka, eh, lokacin da kike sujada numfashinki yana lafawa, bugun zuciyarki yana iya sauka, kuma duk ana iya auna su. Wadda take jin natsuwar kuwa, ita ce ba a nuna muku a ɗakin fiɗa ba, domin kafin a kawo gawar ta riga ta tafi.