Kwamfuta za ta iya yi wa mutum ipnoz? Amsa ga mai gyaran waya na Garwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya zafi. Ni mai gyaran waya ne anan Garwa, ina kuma tura wa mutane karatu da wa'azi a memori. Kwanaki wani abokina dake karatu a jami'ar Ngaundere ya nuna min wata aplikasiyon ta ipnoz, kana sa abin ji a kunne wata murya tana maka magana a hankali da Faransanci har jikinka ya saki barci ya kwashe ka. Toh sai tunani yazo min tunda ina da kwamfuta me zai hana in haɗa irinta da Hausa, na'ura ta riƙa karantawa da kanta, mutum ya zaɓi damuwarsa ko rashin barci ko ciwon ciki ko barin sigari ko tramol ya biya ɗari biyar ta Orange Money. Dan Allah abin yana aiki ko yaudara ce? Kuma Hajiyarmu tace sihirin Turawa ne kar in kuskura. Ƙaninka daga Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Bari in fara da maganar Hajiya, domin tsoronta ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ya fara yayata abin a Turai, wani likita Bajamushe Franz Mesmer, shi kansa cewa yake akwai wani ɓoyayyen ƙarfi kamar na maganaɗisu da yake turawa jikin majinyaci. A 1784 sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamiti, cikinsu har da masana kimiyya Benjamin Franklin da Lavoisier, suka riƙa rufe wa mutane ido suna gwadawa, sai suka ga wanda aka ce masa ana yi masa alhali ba a yi shi ke jin abin a jikinsa, wanda kuma ake yi wa bai sani ba shiru kake ji. Suka ce ƙarfin nan babu shi, tunanin mutum ne ke aiki. Daga baya James Braid, likitan fiɗa a Manchester ta Ingila, ya yaɗa sunan da ake kiran abin da shi yau, wato ipnoz, a wajajen 1843, daga kalmar Girkanci mai nufin barci, ko da yake ba barci ba ne, mutum yana ji yana sane, hankalinsa ne ya tattaru wuri guda har maganar da ake masa take shigarsa fiye da kullum. Hukuncin addini na malamai ne kuma sun saɓa a kai, in zaka tambaye su ka kai musu ainihin kalmomin da ake karantawa su gani da idonsu.

Yanzu batun na'ura. Eh zata iya wani ɓangare, kuma ba yau aka fara ba. Zaman ipnoz yana da tsari kusan iri ɗaya, a sa ka kafa ido wuri guda ko ka rufe, ka bi numfashinka, a riƙa ƙirga maka kamar kana sauka matakala, in ka nutsu sai a faɗa maka abin da ake so ya zauna maka a rai, sannan a ƙirga a dawo da kai. Tunda magana ce a jere ai faifai ma zai iya, shi yasa gwajin da aka fitar a jami'ar Harvard ta Amurka a 1962 na auna yadda abin ke kama mutane ake yawan kunna shi a faifai wa mutane da yawa a ɗaki guda. Yanzu a aplikasiyon akwai Reveri mai ɗauke da muryar likita David Spiegel na jami'ar Stanford ta Amurka, akwai Nerva ta Ostireliya ta masu ciwon hanji, kuma a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata mai suna Regulora saboda wannan ciwon, da sharaɗin likita ne zai rubuta wa mutum ita. Ka riƙe wannan sharaɗin.

Abin da masu talla basa faɗa shine ba kowa yake kamawa daidai ba. Cikin mutum 100 kamar 10 zuwa 15 ne yake shigarsu sosai, kusan irin wannan adadin kuma da ƙyar suke jin komai, sauran suna tsakiya. Kaga kenan in ka yi wa kowa alkawari, wasu zasu dawo shago suce ka cinye musu kuɗi kuma suna da gaskiya.

Amma inda hankalina ya tashi a wasiƙarka wallahi wajen tramol ne. Ƙanena ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Tramol dangin su mofin ne, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, jiki yana sabawa da shi, ɗan acaɓan da ya shekara yana haɗiyar ƙwaya da yawa kullum in ya yanke rana ɗaya zai sha gumi da rawar jiki da gudawa da ciwon gaɓoɓi da firgici, shan sa da yawa kuma yana jawo farfaɗiya, wannan aikin likita ne da zai riƙa rage masa a hankali yana duba shi. Ka ɗauka yaron ya sayi muryarka da kyakkyawar niyya, ya jefar da ƙwayoyin yana ganin ya samu mafita, dare ya raba jikinsa ya rikice, muryar nan tana nan tana ce masa ya ja numfashi domin bata san halin da yake ciki ba. Wannan shine babban gibin na'ura. Ƙwararre yana kallon fuskarka, yana ganin numfashi ya canza ko hawaye ya zubo, ya dakata ya tambaye ka. A birnin Liyej na Beljiyam likita Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa ipnoz da allurar kashe zafin wuri wajen tiyata tun 1992, amma da mai lura zaune a kan majinyaci daga farko har ƙarshe. Kuma ka tuna a yankinmu akwai waɗanda suka baro garuruwansu saboda rikicin Boko Haram, sun ga abin da baki baya iya faɗa, ka rufe wa irin wannan ido shi kaɗai a ɗaki kace ya nutsa cikin tunani, komai na iya taso masa. Mai taɓin hankali ko mai jin muryoyi shi ma ba a so ya yi.

Ciwon ciki ma haka. Binciken likita Peter Whorwell a Manchester a 1984 ya nuna amfani, amma ga masu ciwon hanjin da aka gama gwaji ba a ga cuta ba. Mu nan ciwon ciki sau tari amiba ce ko taifot ko tsutsa ko olsa, sai an je asibiti an yi gwaji. Sigari kuwa hujjar da ake da ita bata kai a ce ipnoz ya fi sauran hanyoyi ba, don haka kar ka rubuta cewa yana raba mutum da ita.

Abin da ya rage maka shine sautin natsuwa kafin barci, kuma gaskiya ina so ka yi shi, domin irinsa da Hausa yana wuyar samu, ga iyayenmu da yawa basa jin Faransanci. Sai dai ka bar batun kwamfuta ta karanta. Rubutunmu baya nuna karin sauti da tsawon wasali, gari na zama da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne, kuka na hawaye da kuka ta miya haka, na'ura na karkata kalma ɗaya mai sauraro zai farka ya koma gyara mata Hausa. Ka nemi mai sanyin murya, ku ɗauka da dare in gari yayi tsit, ka gyara da Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kyauta, minti goma sha biyar ya isa, ka mai da shi MP3 yadda zai shiga ƙaramar waya babu buƙatar mega. Kafin ku ɗauka ka kai rubutun wa wani likita ko nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya duba. A farkon sautin a faɗa ƙarara cewa ba magani ba ne, kar a saurara a kan babur ko ana tuƙi ko kusa da wuta, wanda ya ji ba daɗi ya buɗe ido ya kashe, wanda kuma ya yi makonni baya barci ya ga likita.

In kun gama ka fara kunna wa Hajiya da rana a tsakar gida, a lasifika kowa na ji, in tace a kashe ka kashe. Ka rubuto min abin da ta ce.