Tambaya da Amsa: Yadda 'yan unguwa suka fara magana da juna a Ailan ta Arewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa Katolika da Furotesta sun yi kusan shekara 30 suna kashe juna a Ailan ta Arewa. Shugabanni ne suka kashe wutar ko mutanen unguwa? Kuma unguwa biyu da jini ya shiga tsakaninsu, daga ina suke soma zama? Daga wani malamin makaranta a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Katolika da Furotesta ɗariku biyu ne na Kiristanci, amma rigimar ta fi karkata ga mallakar ƙasa fiye da addini: yawancin Furotesta suna son ci gaba da zama cikin Birtaniya, yawancin Katolika kuma suna son haɗewa da Jamhuriyar Ailan. An rasa rayuka kimanin 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Belfast, babban birnin yankin, ranar 10 ga Afrilu, 1998. Shugabanni ne suka sa hannu, amma sun tarar da hanyar da 'yan unguwa suka daɗe suna sharewa. Tun 1965 Rabaran Ray Davey ya kafa cibiyar Corrymeela kusa da Ballycastle, inda ake kai mutanen ɓangarorin biyu su kwana wuri ɗaya, su ci abinci tare.

Abu na farko da masu wannan aiki suka koya shi ne ba a somawa da haɗa ɓangarorin. Kowane ɓangare yana zama shi kaɗai tukuna, sau da yawa na tsawon watanni, ya faɗi abin da yake tsoro, abin da aka yi masa, da abin da nasa suka yi wa wasu. Wanda bai taɓa furta waɗannan a gaban 'yan uwansa ba, in aka kai shi gaban abokin gaba, ko dai ya yi gum ko ya tashi kare kansa da faɗa. Haɗarin wannan mataki shi ne a daɗe a cikinsa har ya koma dandalin ƙara wa juna haushi, don haka tun ranar farko ake faɗa wa mutane cewa zama da ɗaya ɓangaren aka nufa.

In lokacin haɗuwa ya yi, a duba wuri da kyau. Zauren coci ko ɗakin taro mai tutar wani ɓangare a ƙofa ya riga ya kori rabin mutanen. A nemi wurin da ba na kowa ba, a kuma tanadi mota, domin mutum ba zai taka da ƙafa ta unguwar da yake tsoro da dare ba. Adadi ya zama daidai, kamar takwas-takwas, da masu jan ragama biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Ƙa'idoji kaɗan ne: abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki, babu 'yan jarida, kowa ya yi magana da bakinsa kan abin da ya same shi, kada a ɗora wa mutum ɗaya laifin jama'arsa duka. A soma da matsalar da ta dami kowa kuma ake iya gama ta, irin su jifan gidaje da dare ko hanyar zuwa asibiti.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama, a ganinmu, shi ne kara. A sha shayi, a yi dariya, a kauce wa maganar da ta tara mutane, a watse ana cewa an sasanta, ranar da rikici ya tashi kowa ya koma inda yake. Na biyu, masu halarta su zama mutanen kirki waɗanda dama ba su jifan kowa. Shi ya sa a Belfast aka jawo tsofaffin fursunonin ƙungiyoyin 'yan bindiga cikin aikin, duk da zafin da hakan ya yi wa iyalan waɗanda aka kashe, domin su ne matasa ke jin maganarsu.

Tambaya: Ina so a yi mini bayanin tsarin wayar salula da aka ce yana hana rikici yaɗuwa a Belfast. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos.

Amsa: Malama, tsari ne mai sauƙin kuɗi amma mai wuyar riƙewa. Ya samo asali a arewacin Belfast bayan tarzomar da ta biyo rigimar Drumcree a 1996, wato takaddamar da aka yi kan jerin gwanon Furotesta da ke son ratsa unguwar Katolika. Lokacin da aka fi buƙatarsa shi ne watannin jerin gwano, musamman daren 11 ga Yuli da ake kunna manyan wutace da ranar 12 ga Yuli da Furotesta ke tunawa da yaƙin Boyne na 1690.

Ana zaɓar 'yan sa kai a kowane gefen iyakar unguwanni, mutanen da unguwa ta san su kuma take jin nauyinsu. Kowa yana riƙe da waya a kunne dare da rana, da lambar takwaransa na ɗaya gefen da ta wani jami'in 'yan sanda. In jita-jita ta taso cewa an doki yaro ko ana taruwa a hayi, ba a tsaya gardama ba: a kira takwara, shi kuma ya taka da ƙafarsa ya gani, ya kira ya faɗi abin da ya tarar. In da gaske matasa sun taru, kowa ya janye nasa. Ba a aika mutum ya tsawata wa 'ya'yan ɗaya ɓangaren. Bayan haka ana zama lokaci-lokaci a bi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, wa ya kira, wa bai ɗauka ba, me ya sa.

Inda yake lalacewa uku ne. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba a daren da aka fi buƙata. Takwara ya ɓoye gaskiya sau ɗaya don rufa wa nasa asiri, daga nan babu mai sake yarda da kiransa. Sai kuma 'yan unguwa su fara kiran mai riƙe wayar ɗan leƙen asiri, abin da ke faruwa in an naɗa shi a ɓoye ba a gaban jama'a ba. Kuma tsarin yana kwantar da ƙura ne kawai. A 2001, lokacin da aka yi watanni ana tare wa 'yan matan firamaren Katolika ta Holy Cross hanya a unguwar Ardoyne da ke Belfast, sai da aka koma teburin doguwar tattaunawa.

Tambaya: Tunda an yi sulhu, me ya hana a rushe katangun da suka raba unguwannin? Daga wani ɗalibi a Zinder.

Amsa: An fara gina su a 1969 da niyyar wucin gadi. A 2013 gwamnatin yankin ta yi alkawarin kawar da su kafin 2023, wa'adin ya wuce, yawancinsu na nan, har da doguwar katangar Cupar Way tsakanin unguwar Katolika ta Falls da unguwar Furotesta ta Shankill a Belfast. Dalilin shi ne wanda gidansa ke jingine da katanga shi zai sha dutse in an cire, saboda haka ba a taɓa ta sai da yardarsa, kuma muna ganin daidai ne.

Abin da ya yi aiki shi ne bi a hankali. A lambun shaƙatawa na Alexandra Park, wanda aka raba da shinge a 1994, an buɗe ƙofa a 2011, da farko na 'yan awanni da rana a matsayin gwaji, aka ƙara lokaci da aka ga babu abin da ya faru. A titin Stewartstown kuwa, ƙaramar unguwar Furotesta ta Suffolk da babbar unguwar Katolika ta Lenadoon sun kafa kamfani ɗaya mai shaguna da ofisoshi a kan iyakarsu. Kujerun shugabanci daidai aka raba duk da bambancin yawansu, wanda shi ne ya kwantar wa 'yan Suffolk hankali.

Tambaya: Shin dole ne wanda aka kashe wa ɗan uwa ya yafe kafin a zauna da shi? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: A'a, Hajiya, kuma kuskure ne babba a sa wannan sharaɗi. Gordon Wilson, wanda bam ɗin da aka tayar a garin Enniskillen a 1987 ya kashe 'yarsa Marie, ya bayyana a fili cewa ba ya riƙe kowa a zuciya, maganarsa ta girgiza ƙasar. Sai dai wasu iyalan sun ji kamar ana auna su da shi, aka ƙara musu nauyi kan nauyi. Cibiyar WAVE, wadda matan da aka kashe wa mazaje suka soma a 1991, tana karɓar masu makoki daga ɓangarorin biyu ba tare da tambayar kowa ko ya yafe ba. Abin da ake nema daga mai makoki shi ne ya yarda a saurare shi, in ya shirya shi ma ya saurari wani. Mai jan ragama ya bar masa damar fita daga ɗaki duk lokacin da ya so, a kuma sa wani ya leƙa shi a gida washegari, domin abin da aka tono a zama yakan fi zafi bayan an watse.