Hukuncin Sirka Sanitaiza da Ruwa Don Gudun Najasa

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Nakan sirka sanitaiza da ruwa rabi da rabi don alkohol ɗin ya ragu, saboda tsoron najasa a hannuna lokacin salla. Na yi daidai?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa tsantseni, amma ki daina sirkawar nan tun yau.

Alkohol yana kashe bakteriya ne ta hanyar narkar da kitsen da ke fatarta da sandarar da furotin ɗinta, kuma ya fi yin haka in ƙarfinsa yana tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Masu haɗawa sun riga sun auna ruwan da yake buƙata. In kin sirka mai kashi 70 rabi da rabi ya koma 35, hannu ya jiƙe, ƙwayoyin cuta na nan, kin kuma ɗora shi a jikin majinyacin da aka ba ki amana. Ko a wajen masu cewa najasa ne, ƙarin ruwa bai tsarkake shi ba.

Haramcin shan giya, wadda alkohol ne ke sa ta buguwa, babu saɓani. Najasar giya kuwa maganar jumhur ce, wato mafi yawan malamai, hujjarsu kalmar "rijs" (ƙazanta) a Suratul Ma'ida, aya ta 90. To amma ayar ta haɗa giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, kuma babu mai cewa wanda ya taɓa kibiya ya wanke hannu. Ƙazantar aiki ake nufi. Sannan ranar da aka haramta giya an kwarara ta a hanyoyin Madina, inda mutane ke bi zuwa masallaci, ba a umarci kowa ya wanke ƙafa ba. Shi ya sa Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Muzani suka tafi a kan tsarkinta, kuma nan na karkata. Sallarki ta inganta.

Ki zuba sanitaizan da zai game hannu, ki murza har tsakanin yatsu daƙiƙa 20 zuwa 30, ki bari ya bushe da kansa. In akwai jini ko datti a bayyane, sabulu da ruwa ne maganinsa. Kada ki zuba shi cikin buɗaɗɗen rauni, yana lalata nama. Ki nisantar da shi daga wuta da yara.

Waswasin nan ma ki kula da shi, kada ya bi ki har cikin alwala. Wallahu a'alam.